Mustang ta 2013 ko ta 2016: wacce za ta iya da Zariya?

Ɗan'uwanmu ya ce an yi masa tayin Ford Mustang guda biyu. Ɗaya ta 2013 ce mai fulogi shida, tana hannun wani a Kaduna. Ɗayar ta 2016 ce, mai injin EcoBoost (fulogi huɗu da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), 'yar Beljiyam da ba ta jima da sauka ba, kuma kuɗinta ya ɗara na farkon nesa. A Samaru yake zaune, yana yawan zuwa Kaduna, yana so ya san ko sabon jikin ya kai a yi masa wannan ƙarin.

Malam, na riƙe ta 2012, wadda zubinsu ɗaya da ta 2013 in ka cire ɗan gyaran fuska da fitilu, yanzu kuma ta 2016 nake hawa. Motocin nawa biyu dukansu fulogi shida ne. Tambayarka biyu ce a dunƙule, akwai maganar jiki akwai maganar inji, kuma amsoshin ba gefe ɗaya suka faɗa ba. A jiki sabuwar ta yi gaba. A inji kuwa, wanda ke cikin tsohuwar ya fi dacewa da man da muke sha da makanikan da muke da su.

Mu fara da ƙarƙashin mota, don a nan ne aka yi canjin gaske. Zubin da aka ƙera daga 2005 zuwa 2014 aksil ɗaya yake da shi a baya, sandar ƙarfe guda da ta haɗa tayoyin biyu kamar ta amalanke. Duk abin da tayar dama ta taka, ta hagu sai ta ji. A miƙaƙƙiyar kwalta mai santsi ba za ka lura ba. Amma ka shiga kwana da ɗan gudu a inda aka yi wa titi faci, sai ka ji bayan motar ya yi tsalle ya matsa gefe kamar taku ɗaya kafin ya dawo. Wanda ya saba ya san zai faru, yana sassauta totur tun kafin ya kai wurin. Baƙo kuwa gabansa ne zai faɗi. Daga 2015 Ford ta raba tayoyin baya, kowace da hannayenta da shokozobarta, kowace tana hawa da sauka ita kaɗai. Irin wannan kwanar, ta 2016 sai dai ka ji ƙarar ramin a kunne, motar na kan layinta. A tafiyar Zariya zuwa Kaduna, wajen kilomita 80, bambancin a bayanka za ka ji shi. Da tsohuwar ina sauka a Kawo da gajiya a ƙugu, da sabuwar kuwa ina iya juyowa a ranar ba tare da na nemi wurin kishingiɗa ba.

To amma wannan daɗin da kuɗinsa. Aksil ɗin tsohuwar ba ya son komai sai a duba masa mai. Babu saitin taya a baya, babu tarin robobi, kuma duk makaniken da ya taɓa kwance bayan Hilux ya gane abin da yake kallo. Bayan sabuwar cike yake da hannaye da bushin, ga shaf biyu masu roba. Ka faɗa rami mai kyau sau ɗaya, saitin ya goce, sai ka wayi gari tayar baya ta cinye ta ciki alhali wajenta sabo fil. Saitin kuma na na'ura ne, na tayoyi huɗu, ba na igiya da ido ba. Ni Kaduna nake kai tawa.

Dukansu biyu gajeru ne, kada wani ya ruɗe ka. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, irin mai tsini ɗin nan, a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, masu Keke Napep na yi maka hon a baya. Lungunan cikin birni da damina kuwa ba wurinta ba ne sam. Sabuwar ta fi faɗi, rufinta ya fi ƙasa, don haka a cunkoson PZ ko bakin kasuwar Sabon Gari ta fi sa mutum addu'a. Shawarata a kan kowace ka ɗauka: ka zauna a kan wili mai inci 17 da taya mai kauri. Masu inci 19 da 20 sun fi kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya kumbura tayar ko ya lanƙwasa wilin. Ka kuma buɗe but ka duba, da yawansu ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfon iska da gorar gam. Wannan ba zai fitar da kai a tsakanin Jaji da Birnin Yero da daddare ba.

Yanzu inji. A nan ne masu sayarwa ke cakuɗa zance, suna cewa tsohuwa da sabuwa kawai, alhali cikin tsohon zubin ma akwai zamani biyu. Daga 2005 zuwa 2010 mai fulogi shida lita 4.0 ne, ƙarfin doki 210 kacal, ƙara ce da shan mai babu abin a zo a gani. A 2011 aka sa lita 3.7 mai ƙarfin doki 305, aka kuma dawo da lita 5.0 mai fulogi takwas, wanda ake kira Coyote, mai 412. Ta 2013 da aka kawo maka wannan 3.7 ɗin ne a cikinta, da giya shida. Shi ɗin dai aka ɗauko aka sa wa sabon jiki daga 2015 zuwa 2017, a takarda an rubuta masa 300, kafin a daina shi a 2018. A ƙafa ban taɓa jin wannan biyar ɗin da aka rage ba.

Abin da ya sa nake yabonsa ba gudu ba ne. Ba shi da turbo. Nozul ɗinsa a bayan bawul yake fesa fetur, don haka man yana wanke bawul ɗin a kan hanyarsa ta shiga. An ƙera shi ya sha fetur na gama-gari, kuma mu a nan iri ɗaya ne a kowane gidan mai, babu zaɓin mai daraja ta sama kamar a Amurka. Sannan ɗan gida ɗaya ne da injin Ford Edge da Explorer da suka cika ƙasar nan, shi ya sa filtar baƙin mai da ƙananan kayansa ba sa wuya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Za ka ji makanikai na tsorata ka da cewa famfon ruwan wannan injin a ciki yake, in ya lalace ruwa ya haɗu da baƙin mai. Gaskiya ne a Edge da Explorer, inda injin ke kwance a gicciye. A Mustang injin a miƙe yake, famfon a waje, fanbel ke juya shi, canza shi aikin yini ɗaya ne.

EcoBoost fa? Fulogi huɗu ne, lita 2.3 da turbo, ƙarfin doki 310. Na tuƙa ta wani abokina, kuma ba zan rage mata komai ba: daga tsaye ta fi V6, wato mai fulogi shida, saurin zabura, gabanta ya fi sauƙi a kwana. Sai dai wancan 310 ɗin da fetur mai daraja ta sama aka auna shi. Da namu kwamfutar motar na ja da baya don kare injin, ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka same shi duka ba. Ƙara da zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da iskar da turbo ke turawa ke shiga da zafinta, sai ka ji motar da ta yi maka rawar kai da asuba ta yi sanyi da azahar. Kai tsaye take fesa mai cikin silinda, babu abin da ke wanke bawul, a hankali baƙin dauɗa na taruwa a kansa. Ba ta yafe jinkirin juye, ba ta yafe baƙin mai na jabu, ƙurar hunturu kuma na son a riƙa duba filtar iska a kai a kai. Mai kula da mota sosai, wanda ke da amintaccen gidan mai da makanike mai na'urar jona kwamfuta, zai ji daɗinta. Wanda zai miƙa wa yaron gareji makulli ya ce a zuba duk abin da aka samu, ya nisance ta. Kuma a kunnena dai, Mustang mai kukan fulogi huɗu akwai abin da ya ɓace.

Shan mai, tunda aka cire tallafi a Mayun 2023, ba zancen wasa ba ne. A ma'aunin hukumar Amurka, V6 atomatik ta 2011 zuwa 2014 tana yin wajen kilomita 13 a lita a babbar hanya, 8 a cikin gari. V6 ta sabon jiki wajen 12 ce a babbar hanya, wato tsohuwar ta ɗan fi ta. EcoBoost ta haura 13 kaɗan, mai fulogi takwas ta sabon jiki kuma tsakanin 10 da 11, a gari ƙasa da 7. Da na'urar sanyi a kunne da tsaye-tsayen Kwangila, ka rage wani abu daga kowane lissafi. Tankin duk wajen lita 60 ne. Mai fulogi takwas ba ta cikin tambayarka, sai dai in ce juyenta kaɗai ya haura lita 7 na baƙin mai, na V6 bai kai 6 ba.

A cikin mota babu gardama mai tsawo. Robar dashbod ɗin tsohuwar tauri gare ta, sitiyarinta sama da ƙasa kawai yake motsi. Na sabuwar yana matsowa kusa da kai, ga kyamarar baya da maɓallin tayarwa a kowane samfuri. Amma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: V6 ta 2015 zuwa 2017 a matakin ƙasa kaɗai aka sayar da ita, kujerun yadi da ƙaramin allo. In ka ga mai fata da babban allo, a baya aka sa mata. V6 ta 2013 kuwa akwai Premium mai kujerun fata tun daga kamfani. Kujerar baya a dukansu ta yara ce ko ta ajiye babbar riga. In iyali za ka ɗauka zuwa biki, ka ari Sienna.

Kafin ka biya, kowace da inda ake dubawa. A tsohuwar, ɗaga kafet ɗin gefen fasinja ka taɓa. Magudanar ruwan da ke ƙasan gilashin gaba in ta toshe da ganye, ruwa na gangarowa nan, kuma a wurin akwatin fis yake. Duba bakin bonet ma, na alminiyam ne, fentinsa kan yi ƙuraje. A ta 2015 zuwa 2017, masu ita sun daɗe suna kuka da tukunyar sanyin da ke bayan dashbod, tana yoyon gas, gyaranta kuma sai an sauke dashbod ɗin gaba ɗaya. Ka bar ta a rana ta yi zafi, ka kunna sanyi, ka zauna ka gani da jikinka.

Babban abin tsoro a 'yar Beljiyam ɗin shi ne tarihinta. Yawancin irin waɗannan motoci daga gwanjon masu haɗari ko waɗanda ambaliya ta ci ake sayo su a Amurka, a gyara a fesa fenti. Mustang kuma motar matasa ce mai jan baya, da yawa juyawa suka yi da masu su a kan jiƙaƙƙen titi. Ka karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka sa a bincika, sau da yawa har hotunan ranar gwanjon za su fito. A ɗora ta a rami a duba hannayen baya ko an yi musu walda. A kunna makulli a ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu da kanta, don akwai masu cire ƙwan fitilar. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado.

Da ni ne, a tsakanin biyun nan da ke gabanka, ta 2013 zan ɗauka in ta tsallake dubawa, ragowar kuɗin in sa tayoyi huɗu sababbi, in sayi safaya, in canza man giya da ruwan lagireto. In kuwa ba gaggawa kake ba kuma bayanka ya fara ƙorafin hanyar Kaduna, ka bar su duka ka sa a nemo maka V6 ta 2015 zuwa 2017. Ba su da yawa kamar EcoBoost, sai ka yi haƙuri da dillalai, kuma ka ce a turo maka lambar shasi kafin hoto.