Aikin auna laushin garin magani a wani ɗakin gwaje-gwaje: abin da na gani

Na kai garin griseofulvin wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa domin a auna mini girman ƙwayoyinsa. Wannan magani, wanda ake bai wa yara masu makero, da ƙyar yake narkewa a ruwa, kuma tun farkon shekarun 1960 aka gano cewa idan an niƙa shi ya yi laushi ƙwarai, hanji yakan tsotse shi sosai har rabin adadin da ake sha a da ya wadatar. Rariyar tankaɗe ba ta da amfani a nan, domin ba a dogara da ita idan akasarin garin bai kai maikiron 75 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Na'urarsu Mastersizer 3000 ce ta kamfanin Malvern na Ingila, wadda ke haska garin da leza, ta lissafa girman ƙwayoyin daga yadda hasken ya watsu: manya sukan karkatar da shi kaɗan, ƙanana kuwa su baza shi. Tana auna daga maikiron 0.01 zuwa 3,500.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin ma'aikaciyar. Garin mai laushi yakan dunƙule, na'urar ta ɗauki dunƙulen a matsayin ƙwaya guda. Ta ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali, ta dama da ɗigon sinadarin jiƙawa, ta zuba cikin ruwan da ke zagayawa a cikin na'urar, sannan ta kunna girgizar sauti mai wargaza dunƙulen tana maimaita awo har lambobin suka daina sauka. Ba ta rubuta komai ba sai da awo uku suka yi daidai da juna.

Rahotonsu ne bai gamsar da ni ba. Ya kawo D10 da D50 da D90, wato girman da kashi 10, 50 da 90 cikin ɗari na garin ke ƙasa da shi, amma bai ambaci lambar lanƙwasa haske (lambar da ke nuna yadda maganin ke karkatar da hasken da ya ratsa shi) da aka saka a lissafin ba, alhali a gari mai laushi irin wannan sauya ta yana sauya sakamakon. Sai da na koma sau biyu kafin aka ƙara ta. Haka kuma ba su da madubin ƙara girma da za a duba siffar ƙwayoyin, ga shi lissafin na'urar yana ɗaukar kowace ƙwaya tamkar ƙwallo. Zan sake kai musu aiki, amma zan rubuta abin da nake so rahoton ya ƙunsa tun kafin in biya.