Ajin zuba jari na ranar Asabar a Ƙofar Ƙaura

Naira 15,000 ne kuɗin zama, kuma ban yi da-na-sanin biya ba, duk da zafin ɗakin da fanka ɗaya tal. Malamin tsohon ma'aikacin banki ne, yana koyar da ETF, asusun da ke haɗa hannun jarin kamfanoni da yawa a ƙunshi ɗaya, ana saye da sayar da shi a kasuwar hannun jari.

Abin da ya burge ni, bai fara da zancen riba ba. Ya ce kafin ka tambayi nawa asusu ya kawo, ka duba faɗuwa mafi zurfi da ya taɓa yi, daga ƙololuwar farashi zuwa inda ya tsaya a ƙasa. Ya rubuta a allo: asusu ya kai naira 200, ya sauko 120, ya zubar da kashi 40 cikin ɗari ke nan. Amma kafin ya koma 200 sai ya ƙaru da kusan kashi 67. Nan ɗakin ya yi tsit.

Sai ya kawo SPY, wani ETF mai bin S&P 500, ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanoni 500 na Amurka, tun 1993. Daga Oktoban 2007 zuwa Maris 2009 ya rasa fiye da rabin darajarsa, kuma sai a 2013 ma'aunin ya koma matsayinsa na da. A 2020 kuwa kusan kashi ɗaya bisa uku ya tafi cikin wata guda da 'yan kwanaki, amma zuwa Agusta ya farfaɗo. Wani dattijo mai shagon atamfa ya ce, "Malam, to wanne ya fi muni?" Ya amsa, "Alhaji, wanda ya riske ku kuna bukatar kuɗin aurar da 'ya." Wato tsawon zama a ramin ma abin dubawa ne, ba zurfinsa kaɗai ba.

Inda ya gaza: misalansa na zahiri duk na dala ne. Lotus Halal Equity ETF da NewGold (mai bin farashin zinariya), waɗanda ake ciniki a Legas, sunansu kawai ya ambata ya wuce, alhali yawancinmu na halal ɗin muka zo ji. Bai kuma taɓo faɗuwar naira tun 2023 ba, wadda kan sa asusu ya hau a takarda, kuɗin kuma ya kasa sayen abin da yake saya a da.

Mai shirin sayen ETF na farko zai amfana. Wanda ya saba karanta jadawalin farashi ya riƙe kuɗinsa. Ana tashi kafin la'asar, kuma ba a raba takarda, don haka a zo da littafin rubutu.