Sharhi: Ƙaramin bugun Batman na dala 9.99 da rigimar sake lale

Wata uku ke nan da na sayi ƙaramin bugun labarin Batman mai suna The Court of Owls, wato Majalisar Mujiyoyi, a wani shagon littattafan zane da ke kusa da jami'ar da nake karatu a Amurka. Na karanta shi sau biyu, na kuma ara wa mutum uku, kafin na ga ya kamata in ce wani abu a kansa. Littafin yana cikin jerin da kamfanin DC ya fara fitarwa a tsakiyar shekarar 2024 da sunan Compact Comics, kowanne a kan dala 9.99, faɗinsa inci 5.5, tsawonsa inci 8.5, yana shiga aljihun rigar sanyi ba tare da ya lanƙwashe ba. A cikinsa an haɗa fitowa goma sha ɗaya na farko na mujallar Batman da aka fara a watan Satumba na 2011, rubutun Scott Snyder da zanen Greg Capullo.

Farashin ne ya fara jan hankalina. A yau fitowa guda ta irin wannan mujalla, wadda labarinta bai wuce shafi ashirin da 'yan kai ba, ana sayar da ita dala 3.99 ko 4.99, don haka wanda zai tara goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya sai ya kashe sama da dala arba'in, ya kuma jira kusan shekara kafin ya ga ƙarshen labari.

Labarin kansa ya cancanci kuɗin. Bruce Wayne, wato Batman idan ya cire rigar jarumta, mutum ne da ya ɗauka ya san birnin Gotham kamar yunwar cikinsa, sai ga shi ya gano cewa wata waƙar tsoratar da yara da kowa ke rainawa gaskiya ce, akwai ƙungiyar asiri ta tsofaffin gidajen masu kuɗi da ta daɗe tana juya birnin da hannun makasanta tun kafin a haifi kakansa. Inda na fi tsayawa shi ne fitowa ta biyar, lokacin da aka jefa shi cikin wani gini mai ruɗani a ƙarƙashin ƙasa, ba abinci, hankalinsa yana gushewa a hankali. Capullo ya karkatar da shafukan, da farko zuwa gefe, daga baya ya kife su gaba ɗaya, ta yadda dole mai karatu ya riƙa juya littafin a hannunsa har shi ma ya rasa inda gaba take. A ƙaramin bugu wannan juyawar ta fi sauƙi, na yi ta a cikin motar haya ba tare da na bugi maƙwabcina ba. Abin da ƙanƙantar ta ci shi ne manyan zanukan birnin masu cin shafi biyu, waɗanda aka yi su domin faffaɗar takarda, da kuma rubutun da ke cikin kumfar magana, wanda mai raunin ido zai so ya matso kusa da fitila. Wannan ciniki ne da na yarda da shi tun a shago.

Sai dai ba za a yi maganar wannan littafi ba tare da an taɓo rigimar da ta haife shi ba. A 2011 DC ya tsayar da dukkan mujallun jarumansa, ya sake lale, ya fito da sababbi guda 52 kowacce daga lamba ta 1, da nufin jawo waɗanda tsawon tarihi ke tsoratarwa. Har Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938 kuma ta kai lamba ta 904, da Detective Comics da ta kai 881, ba su tsira ba. Tsofaffin masoya suka yi ca. An warware auren Superman da Lois Lane kamar ba a taɓa ɗaurawa ba. Wally West, wanda ya yi fiye da shekara ashirin yana riƙe da sunan Flash kuma mutane da yawa suka girma da shi, ya ɓace babu bayani. Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce Barbara Gordon, wadda ta shafe shekaru a keken guragu tana aiki da sunan Oracle, tana jagorantar jarumai da basirarta ta kwamfuta. Aka miƙar da ita tsaye aka mayar da ita Batgirl, masu karatu nakasassu kuwa suka ce an ƙwace musu fitacciyar jarumar da ke kama da su.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai da na gama littafin na shiga tono, kuma da farko na ɗauki fushin nasu a matsayin kishin tsofaffi da ba sa son baƙo ya shigo. Daga baya na sauya ra'ayi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana zuwa shago kowace Laraba yana biyan kuɗinsa, a wayi gari a ce masa abin da ya karanta bai faru ba, yana da hujjar ɗaga murya. Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne littafin da ke hannuna, domin Batman na cikin waɗanda sake lalen ya fi ƙyalewa. An bar masa kusan dukkan tarihinsa, an dai cusa shi cikin shekara biyar, abin da ya sa masoya suka riƙa ba'a suna tambayar yadda mutum ɗaya zai raini Robin huɗu, wato yaran da suka yi masa mataimaka ɗaya bayan ɗaya, a wannan ɗan lokaci. Wato labarin da ake yawan nunawa a matsayin nasarar sake lalen, bai buƙaci a goge komai ba kafin ya yi daɗi. Na shiga shi ban san kowa ba sai Batman da hadiminsa Alfred, ban kuma ɓata ba.

Kamfanin ma ya lashe amansa a 2016 da shirin Rebirth, ya dawo da Wally West, ya mayar da Action Comics kan tsohon lissafinta daga lamba ta 957, wanda ya ba ta damar cika 1000 a 2018. A watan Oktoba na 2024 kuma, da Snyder ya fito da Absolute Batman, inda Bruce ba shi da dukiya ko katafaren gida, an ajiye shi a gefen tsohon labarin ba a kansa ba, masoya suka karɓe shi hannu biyu.

Ɓangaren da ban zata zai dame ni ba shi ne shagon. Mai shi dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, shi ya yi mini bayanin cewa irin shagonsa sari yake yi na dindindin, abin da ya yi kwantai ba a mayar wa kamfani, asararsa ce. Saboda haka duk lokacin da aka fara mujalla daga lamba ta 1, caca ce a gare shi: fitowar farko tana tafiya, ta uku da ta huɗu sai jama'a su janye, a bar shi da kwalaye a bayan kanta. Akwai kuma dabarar bango na musamman, wanda ba a ba shago kwafi ɗaya sai ya sari ashirin da biyar na gama-gari. A da dila ɗaya yake hulɗa da shi, wato Diamond, wanda ya riƙe kusan dukkan rarraba waɗannan mujallu tun ƙarshen shekarun 1990. Da annobar korona ta tsayar da jigilar kaya a 2020, DC ya raba gari da shi, Marvel, babban abokin gasar DC, ya koma wurin wani dilan, Penguin Random House, a 2021, a watan Janairu na 2025 kuma Diamond ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Yanzu dattijon yana oda daga wurare daban-daban, kowanne da ranarsa da kuɗin dakonsa.

Na ɗanɗani wannan ruɗanin da kaina. Na rubuta sunana a shagon domin a riƙa ajiye mini wata mujalla duk wata, sau biyu ina zuwa ana ce mini kwalin bai iso ba, a karo na uku aka manta aka sayar da nawa. Ban yi masa faɗa ba, na dai soke ajiyar, domin labari mai rami a tsakiya ba ya karantuwa.

Ƙaramin bugun ba shi da wannan matsala, kuma ana samun sa a manyan shagunan littattafai da ta intanet, inda mai shagon zane ba ya cin ko kwabo. Na faɗa wa dattijon haka, ina tsammanin zai ɓata rai, sai ya nuna mini tarin ƙananan littattafan da ya jera dab da inda ake biyan kuɗi, ya ce su ne abin da yake miƙa wa duk wanda ya shigo yana tambayar inda zai fara. Cikin mutum ukun da na ara wa nawa, biyu ba su taɓa riƙe littafin zane ba, ɗaya daga cikinsu kuma ta je shagon da kanta ta sayi wani a jerin. Nawa ya dawo da bangonsa a naɗe da tabon shayi a shafin farko, ɗaurinsa kuwa bai saki ko takarda ɗaya ba.