GARGAƊI: Mai tallan "kwana 7 a Masar" ya yi gaba da N17,380,000 ɗinmu

Jama'a, duk wanda ya ci karo da tallan nan da ke yawo a WhatsApp da Instagram, wai "kwana 7 a Masar, daga Dalar Giza har bakin teku a Sharm Shaikh, N2,450,000 kacal", kada ya tura ko sisi. Damfara ce tsagwaronta. Mu 11 muka biya, kowa N1,580,000, jimla N17,380,000. Yau kwana 19 lambobinsa uku duk a kashe, shafin ma ya canza masa suna ya koma tallan Dubai. Ba zan kama sunansa ba tukuna don maganar tana hannun hukuma, an ce mu ɗan dakata. Amma rasit, hirarmu da shi, saƙonnin muryarsa, duk suna nan a ajiye, zan saka su.

Kafin wani ya zo yana cewa kwaɗayin araha ne ya ja mu, ya tsaya ya ji. N2,450,000 ba kuɗin banza ba ne, kuma ba a makance aka tura ba. An bincika. Ni na bincika, da hannuna, shi ya sa abin yake cina. Ya ce a ba da kafin alƙalami N1,400,000 kowa, na ce ba wanda zai tura sai mun ga an kama mana kujera a jirgi. Bai yi gardama ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ai haka nake so, mai bincike shi ne abokin cinikina." Ba a yi awa biyu ba ya turo lambar kama kujera, wadda ake kira PNR, mai haruffa da lambobi shida. Guda biyu ma ya turo, ɗaya ta mutum shida, ɗaya ta mutum biyar, har ya yi bayani cewa lamba ɗaya ba ta ɗaukar fiye da mutum tara sai in an bi tsarin ayari. Wannan kuwa gaskiya ne, haka tsarin yake. Na shiga shafin kamfanin jirgin, na saka lambar da sunan ƙarshe, sai ga sunayenmu reras, Kano zuwa Alkahira, ranar tafiya, ranar dawowa. Wa zai ga wannan ya ce ƙarya ne? A nan na rubuta a zauren hirarmu na masu tafiyar cewa na duba, komai daidai, a tura. Kalmomi shida. N15,400,000 suka fita kafin magariba.

Ga inda ramin yake, ku riƙe shi da kyau. Kama kujera daban, yankar tikiti daban. Duk ejan da ke da damar shiga manhajar sayar da tikiti zai iya kama maka kujera ba tare da ya biya ko kobo ba, sunanka zai fito a shafin jirgi kamar gaske, in wa'adi ya cika ba a biya ba, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci biyu ko uku, sai ta goge kanta. Shaidar an biya ita ce lambar tikiti mai lambobi 13, kuma kowane fasinja da tasa. Ta EgyptAir da 077 take farawa, ta Ethiopian da 071. A takardar da ya turo mana gurbin lambar tikitin fanko ne. Na gani kuwa. Na gani, na tambaya, ya ce sai an cika kuɗi ake yanka, wanda shi ma ba ƙarya ba ne a harkar. Abin da ya kamata na ce shi ne to kafin alƙalamin nan ai ya isa kuɗin jirgi, a yanka yanzu. Ban ce ba. Bayan kwana huɗu lambar ta daina buɗewa, ya turo sabuwa, wai "an sabunta mana ne". Sau uku yana wannan wasan.

Otal ma haka. Ya turo hoton tabbacin kama ɗaki daga Booking.com, otal mai tauraro biyar, sunan ɗaya daga cikinmu a jiki. Akwai ɗakunan da ake kamawa ba a biya ba, a soke kyauta kafin ranar shiga. Ya kama, ya ɗauki hoto, ya soke. Da muka kira otal ɗin daga baya suka ce an yi kamun an soke shi a rana ɗaya.

A'a, na tsallake, maganar biza ta riga ta otal, ko kuma a mako ɗaya suka zo, sai na duba hirar. Ita ce ta N180,000. Da farko tallan ya ce biza tana cikin kuɗin. Daga baya ya dawo da murya a sanyaye, wai an fito da sabon tsari na izinin jami'an tsaro, kowa ya ƙara N180,000 kafin Alhamis ko a rasa gurbi. Mutum 11, N1,980,000. A ɗora a kan N15,400,000, shi ne N17,380,000 ɗin. Abin da ya sa aka yarda, izinin nan akwai shi da gaske. Mai fasfon Najeriya ko dai ya nemi biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja, ko kuma wani kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi a can Masar ya nema masa izini, a sanar da kamfanin jirgi cewa an yarda ya hau. In kamfanin jirgi bai ga izininka a wajensa ba, a Kano za a tsayar da kai, takardar da ke cikin wayarka ba za ta yi maka komai ba. Tamu takardar da Larabci ta zo, da tambari da komai. Wani ɗalibinmu da ke Azhar ne ya karanta ya ce kwanan watan da ke ƙasa na bara ne, kuma rubutun sunayenmu bai yi kama da sauran rubutun ba, ɗorawa aka yi. Har da wata magana da ya taɓa yi wai "Sharm ai ba ta buƙatar biza". Hatimin kyauta na yankin Sina'i na mako biyu ga Turawa da Amurkawa da irinsu ake bugawa, kuma ko su ba ya kai su Alkahira ko Luksor. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa, wanda ake nema daga duk mai zuwa daga Najeriya, ko sau ɗaya bai ambace shi ba. Mai shirya tafiya na gaske da shi yake fara damun ka, shi da fasfo mai sauran wata shida.

Amma abin da ya fi ba ni kunya shi ne jadawalin tafiyar. Yana hannuna tun ranar farko, kuma duk wanda ya san taswirar Masar ya san ba zai yiwu ba. Idona ya tsaya kan PNR, na bar abin da ke gabana.

Ya rubuta rana ta biyu Dalar Giza da Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, sannan "gidan tarihi na Tahrir don ganin gawar Fir'auna". Gawarwakin sarakunan ba sa Tahrir. Tun Afrilun 2021 aka kwashe su, guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, har da Ramsis na biyu, aka kai su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Duniya ta kalli jerin gwanon kai tsaye. Mutumin da ke cewa duk wata yana kai ayari bai san wannan ba? Kuma wannan ita ce babbar abin da ya ja dattawan cikinmu, su ga gawar da ake cewa ta Fir'auna da idonsu.

Rana ta uku wai a tashi da safe a mota zuwa Luksor, a ga tsohon wurin bautar Karnak da Kwarin Sarakuna inda kaburburan Fir'aunoni suke, da yamma a shiga jirgin ruwa, a kwana ɗaya a Kogin Nilu, a wayi gari a Aswan. Alkahira zuwa Luksor ya haura kilomita 600. A jirgin ƙasa awa tara zuwa goma ne, a jirgin sama awa ɗaya. In ka taso da asuba a mota, kafin ka isa an kusa rufe kwarin, ga zafin da ke haura digiri 40 a bazara. Jirgin ruwan yawon Nilu kuma ba kwale-kwalen tsallaka rafi ba ne. Daga Luksor zuwa Aswan kwana huɗu ake sayar da shi, daga Aswan zuwa Luksor kwana uku, saboda yana bin layi a mashigar Isna, ya tsaya Idfu, ya tsaya Kom Ombo. Babu mai sayar da na kwana ɗaya a yadda ya rubuta. Rana ta huɗu tsohon wurin bauta na Abu Simbel, wanda ke kusan kilomita 280 kudu da Aswan, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa, shi ya sa motoci ke tashi tun wajen ƙarfe huɗu na asuba. To yaushe aka sauka daga jirgin ruwan, yaushe aka tashi?

Sai babbar ƙaryar. Rana ta biyar, "mota daga Aswan zuwa Sharm Shaikh, awa biyar". Sharm tana can ƙarshen kudancin Sina'i, teku ne a tsakani. Mota sai ta yi arewa har Suwez, ta bi ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin, sannan ta sake gangarowa kudu, ga shingayen bincike. Ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Daga Alkahira ma kusan kilomita 500 ne, awa shida zuwa bakwai. Garin bakin teku da ake haɗawa da Luksor a mota shi ne Hurgada, wadda Misirawa ke kira Gardaƙa, wajen awa huɗu ta hanyar Ƙina da Safaga. Kuma ku ji, hotunan otal ɗin da ya saka a tallan ya ce na Naama Bay ne a Sharm, da aka bi diddigi na wani otal ne a Hurgada. Garuruwa biyu, kowanne a nasa gefen Bahar Maliya. Ya kuma cusa hawan Dutsen Musa a daren wannan ranar. Daga Sharm zuwa gindin dutsen awa uku ne, ana fara hawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare tare da ɗan jagora Balaraben ƙauye don a riski fitowar rana, tsayinsa mita 2,285, kuma matakala 750 na ƙarshe raƙumi ba ya hawa, da ƙafa ake yi. A cikinmu akwai mai shekara 68 da ciwon gwiwa, ya ce mata "Hajiya, ai mota ce za ta kai ki har sama."

Na karanta duk wannan. Na ma yi masa magana kan jirgin ruwan, ya ce kuskuren yaron ofis ne, za a gyara. Na bar shi saboda sunayenmu suna shafin jirgi. Kullum nan nake dawowa. Sunayenmu suna shafin jirgi, na ce a tura.

"Duk kuɗin shiga wurare yana ciki", haka ya rubuta, ba tare da ya jera ko ɗaya ba. Tikitin harabar Giza bai haɗa da shiga cikin babbar dalar Khufu ba, nata daban ne. Tikitin Kwarin Sarakuna kaburbura uku yake ba ka, na Tutankhamun da na Seti na ɗaya kowanne sai ka sake biya. Yawancin manyan wuraren ma yanzu da katin banki ake biya, ba sa karɓar tsabar kuɗi a taga. Otal ɗin bakin teku kuma dole a rubuta maka ƙarara ko karin kumallo ne kawai, ko da na dare, ko kuwa ci da sha duka, irin wanda ake ɗaura maka abin hannu. Shi "abinci mai daɗi" kawai ya rubuta.

Asusun da muka tura kuɗin na mutum ne, ba na kamfani ba, sunan ma ba nasa ba, wai na akantansu ne. Takardar rajistar CAC da ya nuna ta gaske ce, amma ta harkar sayar da kayan waya ce. Ofishin da ya ba da adireshi an je, shagon ɗinki ne, shekara uku suna wurin ba su taɓa jin sunansa ba. Saura kwana shida tafiya ya ce mahaifiyarsa tana asibiti, saura huɗu ya ce yana Abuja kan bizarmu, saura uku wayar ta mutu. A'a, ta biyun ce ta mutu a ranar, ta farkon tun kafin nan. Akwai wadda adashinta na shekara guda ta zuba, N1,580,000, ta sayi akwati sabo. Ita ce ba ta ce mini komai ba har yau, gara ma waɗanda suka zage ni. Allah ya isa.

In za ku biya wani: lambar tikiti mai lambobi 13 kowa da tasa, ku kira kamfanin jirgin ku ji an yanka. Ku kira otal da lambar da kuka samo da kanku ku tambaya an biya ko kamu ne kawai. Asusun kamfani, ofis da ƙafarku, ku tambaya ko yana cikin NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya. Jadawali kuma ku buɗe taswira ku auna.

An kai ƙara, banki ya ce an kwashe kuɗin zuwa asusu huɗu cikin awa ɗaya da shigarsu. Hotunan hirar sun kai 60, ina rufe lambobin fasfon mutane ne, da na gama zan saka su har da saƙon muryar N180,000 ɗin. Wanda ya taɓa biyan wannan mutumin, na Masar ko na Dubai ɗin da ya koma yanzu, ya ajiye rasit ɗinsa, ana neman ƙarin masu shaida kafin Litinin.