Gargaɗi ga masu neman na'urar faifan CD a Yamai

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wani mutum, ko wasu mutane, domin alamu sun nuna ba shi kaɗai ba ne, da ke tallar na'urorin kunna faifan CD a Facebook da zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp a nan Yamai. Cewa yake yi kayan Turai ne, daga hannun masu su aka karɓo, ba a taɓa kwance su ba. Marantz, Denon, Technics, Sony, duk sunan da mai son sauti zai ji ya tsaya, yana da shi. Ni gyaran rediyo da anfuli, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ne sana'ata, kuma abin da ya sayar wa mutane a kan teburina yake ƙarewa. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne, lambar waya ma canja ta yake yi. Hanyarsa ce ba ta canjawa, ita nake so ku sani.

Wani zai ce wa ke sayen irin wannan a zamanin da komai ya koma cikin waya. Suna nan da yawa. Mutane ne da suka tara fayafayan karatun Alƙur'ani, da tafsiri, da waƙoƙin da suka saya tun suna samari, suna da anfuli da bafal masu kyau a falo, tsohuwar na'urarsu ce kawai ta mutu. Galibinsu dattawa ne, wasu ƴan fansho. Su yake farauta, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, ya kawo mini tasa a naɗe cikin zane. Ya ce, “Ɗana, duba mini, gefe guda ya daina magana.” Na ɗaga ta, na ji nauyi kamar na gaske. Gabanta baƙi wul, sunan Marantz a rubuce da ruwan zinariya, samfurin shekarun 1990 ne. Ina cikin dubawa sai ya ƙara da cewa, “Kuma tana da kyau fa, har faifan nan mai waƙa fiye da ɗari tana karantawa.” Nan gabana ya faɗi. Na ce, “Baba, ka tabbata?” Ya ce da kunnensa ya ji.

Ga dalilin faɗuwar gabana. Faifan CD na sauti, wanda kamfanonin Philips da Sony suka haɗu suka fitar a 1982, minti 74 zuwa 80 kawai yake ɗauka. Faifan da aka cusa wa waƙa ɗari, irin wanda ake kwafa a kasuwa, na MP3 ne, wani tsari ne dabam. Na'urar falo ta shekarun 1990 ba ta san MP3 ba, in ka saka mata shi ko dai ta ce babu faifai, ko ta yi shiru. Idan ta karanta, to abin da ke ciki ba nata ba ne.

Na kwance murfin a gabansa. An kwashe kayan cikin duka. A wurin da babban allon sauti da tiransifoma ya kamata su zauna, wani ɗan allo ne na DVD mai araha, bai fi tafin hannu biyu ba, an manna shi da gam mai zafi. An yanka bakin tire da zarto don ya shiga ramin. Wayoyin sauti guda biyu an murɗa su da hannu an naɗe da salatif, ɗaya ta kwance, shi ya sa gefe guda ya yi shiru. Nauyin da na ji kuwa, guntayen ƙarfe ne aka lafta a ƙasa, har da tsatsarsu. Maɓallan gaba huɗu kaɗai aka jona, sauran ado ne. Ramin da ake sa abin kunne babu komai a bayansa. Dattijon nan ya daɗe yana kallon cikin kwalin, sannan ya ce, “Jika sittin na ba shi.” Kamfanin da sunansa ke jikin kwalin ba shi da laifin komai, an yi amfani da gawar na'urarsa ne aka cuci bawan Allah.

Wannan ita ce damfara mafi muni, amma ba ita ce mafi yawa ba. Wadda ta fi yawa ita ce ta ido.

Kowace na'urar CD tana da ido, wato leza da ke haska faifai ta karanta abin da ke jikinsa. Ido yana tsufa. Shekara da shekaru yana aiki, haskensa yana raguwa, har ya kai ga na'ura ta riƙa tsallake waƙa ko ta kasa gane faifai. Gyaran gaskiya shi ne a goge shi, in bai yi ba a sake sabo. Amma a jikin idon akwai wani ɗan mitsitsin abin murɗawa da ake daidaita ƙarfin hasken da shi tun daga masana'anta, sau da yawa ma a ɗiga masa fenti don kada a taɓa. Ɗan damfara sai ya sa sukundireba ya murɗa shi, wuta ta ƙaru, idon da ya kusa mutuwa ya farka. Ranar ciniki za ta yi aiki lafiya lau. Bayan ɗan lokaci sai idon ya ƙone gaba ɗaya, domin an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Lokacin da za ka kira shi, zai ce maka ƙurar Yamai ce, ko kuma wutarku ce ba ta da kyau. Da yake kowa ya san ƙurar hunturu da yadda wuta ke ɗaukewa tana dawowa, mutum sai ya yarda, ya ɗauka ƙaddara ce. Ni kuwa in na buɗe, fentin nan a fashe nake samunsa, da sawun sukundireba sabo fil.

Sai ta uku, ta wuta. Wutarmu a Nijar volt 220 ce. Na'urar da aka ƙera don kasuwar Japan volt 100 take ci, ta Amurka 120. Ana iya amfani da su a nan, amma sai da ƙaramin tiransifoma mai rage wuta, kuma mai sayarwa na kirki zai gaya maka, ya haɗa maka da shi, tunda na'urar CD ba ta cin wuta sosai, ƙarami ma ya wadatar. Shi wannan mutumin yanke filogin asali mai ƙafafu masu faɗi yake yi, ya sa irin namu, ya liƙa wata takarda a kan rubutun baya. A bidiyon da zai turo maka tana aiki, domin tiransifoman yana ɓoye inda ba ka gani. Kai kuwa kana jonawa a gida sai wari da hayaƙi. Kuma laifin a kanka zai ɗora.

Ta huɗu ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya san irinta. Kayan suna hanya daga Lome, ka ba da kafin alƙalami a ajiye maka. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma biyo doguwar hanya, ya samu hujjar da ba ta ƙarewa: yau mota ta tsaya, gobe a ƙara kuɗin duwan, jibi waya a kashe. Ƴan uwanmu na Tawa sun fi shiga wannan, domin tsakaninsu da Yamai ya fi kilomita 500, ba mai tasowa don ya duba na'ura ɗaya. Su tura kuɗi, ya ce ya sa a bas. Wani bai samu komai ba. Wani ya samu kwali, a ciki matacciyar DVD da tsummoki.

Ku dubi hotunan da yake sakawa da kyau. A bayan na'urar za ku ga daɓen katako, ko ƙarfen ɗumama ɗaki a jikin bango. Wane gida ne a Bukoki ko Talaje ke da abin ɗumama ɗaki? Daga shafukan ƴan gwanjo na Turai ya kwaso su. In kana son ka gwada shi, ce masa ya rubuta sunanka a takarda, ya ajiye kusa da lambar da ke bayan na'urar, ya ɗauko maka bidiyo yana juya ta. Mai kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan. Shi kuwa sai ya fara fushi, ya ce ba ka yarda da Musulmi ɗan uwanka ba, ya ce akwai wani Alhaji da ke jira da kuɗi a hannu.

Farashin ma ya isa shaida. Har da waɗanda yake cewa sababbi ne a kwali yana tallarsu jika sittin ko saba'in. Marantz CD6007, wadda ta fito a 2020, kuɗinta a Turai ya haura yuro 400. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cika, ka ga ta wuce jika 260 tun ba a sa kuɗin dako da na duwan ba. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko ta ya sayar da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kashe?

Yanzu ga abin da nake gaya wa duk wanda ya zo neman shawara. Kada ka sayi na'urar da ba ka kunna da hannunka ba, a wurin da za ka iya komawa gobe ka samu mai ita zaune. Ka tafi da fayafayanka, kada ka yarda da nasa, domin ya riga ya zaɓi wanda na'urar ke so. Ka ɗauki faifai na asali guda, da wanda aka kwafa a kwamfuta guda. Wanda aka kwafa ba ya mayar da haske kamar na asali, saboda haka idon da ya gaji a kansa yake fara tona kansa. Ka saka, ka lura da lokacin da take ɗauka kafin ta nuna yawan waƙoƙi. Lafiyayya cikin ƴan daƙiƙoƙi take nunawa. In ka ji tana ta ƙis-ƙis, faifai na juyawa yana tsayawa, ka san ido ya tafi ko yana hanya. Sannan ka tsallaka zuwa waƙar ƙarshe. Faifan CD daga tsakiya ake fara karanta shi a nufi baki, don haka waƙar ƙarshe ita ke nuna ko abin da ke jan idon yana kaiwa har can. Masu sayarwa waƙar farko suke son kunna maka, minti ɗaya, su kashe. Kada ka yarda. Ka bar ta ta yi aiki aƙalla rabin awa, ka sha shayinka, domin matsala da yawa sai na'ura ta ɗumi suke fitowa. Kafin ka tashi ka danna kowane maɓalli, ka buɗe tire ka rufe sau da dama, ka saurari hagu da dama dabam-dabam.

Ka juya bayanta ka karanta rubutun wuta. In takarda ce aka liƙa, ka ɗaga ta. Ka dubi kawunan sukurori, in sun cinye an sha kwance ta. Mafi muhimmanci, ka ce a buɗe murfin a gabanka, ko ka tafi da mai gyaran da ka yarda da shi. Sukurori kaɗan ne, aikin minti biyu. Abu ɗaya kawai, idan murfi yana buɗe kuma tana kunne, kada ka leƙa cikin idon, haskensa ba a ganinsa sosai amma yana iya cutar da gani.

Ban ce duk kayan gwanjo banza ba ne. A Katako da Wadata da Babbar Kasuwa akwai mutanen kirki da suka shekara suna wannan sana'a, za su ce maka wannan idonta ya yi rauni, rage kaza ka kai a sake. Da irinsu ake ciniki. A ganina, wanda kuɗinsa bai da yawa ya nemi tsohuwar Sony, ko Technics, ko Yamaha, ko Denon ta talakawa, wadda ba ta da kwalliya, ya tambayi mai gyara tun kafin ya biya ko ana samun idonta. Wannan tambayar ta fi sunan da ke gaban kwali muhimmanci. Ido irin KSS-213 na Sony an yi amfani da shi a na'urori masu ɗimbin yawa, har yau ana samunsa ba tsada. Akwai kuma manyan na'urori masu tsada da idonsu ya ɓace daga kasuwa, ranar da ya mutu shi ke nan. Sau da yawa ma tire da ya ƙi fita ɗan robar da ke jansa ne ya saki saboda zafi, gyaran bai taka kara ya karya ba, kuma dalili ne na neman ragi.

Idan kuma yawancin fayafayanka na MP3 ne, gaskiya ba tsohuwar na'urar falo kake buƙata ba. Ka sayi DVD a matsayin DVD, da kuɗin DVD, ka jona a anfulinka, za ta yi maka aiki. Babu abin kunya a ciki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a sayar maka da ita cikin rigar wata, a karɓi ninkin ba ninkin kuɗinta. Duk wadda ka saya, ka sa mata regileta saboda hawa da saukar wuta, ka cire ta daga bango in an ɗauke, ka riƙa rufe ta da ƙyalle lokacin ƙura.

Waɗanda abin ya riga ya faɗa musu, don Allah ku daina yin shiru. Na san kunya ce, musamman ga dattijo, amma da wannan kunyar yake ci gaba da cin kasuwarsa. Kada ku goge hirarku da shi. Ku ɗauki hoton tallar, da lambobin da ya kira ku da su, da saƙonnin murya, ku adana rasidin tura kuɗi, domin a kansa akwai sunan da aka karɓi kuɗin da shi da ranar da aka karɓa. Na'urar ma kada ku jefar, kada ku bari a cire mata komai, ita kanta shaida ce. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma ana kai irin wannan ƙara wurin ƴan sandan bincike, wato PJ, a nan Yamai. Na Tawa su fara da komisariya mafi kusa da su. In kun san wani da ya saya a hannunsa, ku haɗu ku je tare, kowa da takardunsa, domin lambobin da ya yi ta canjawa sai an jera su wuri guda ake ganin mutum ɗaya ne.