Jirgin gudu: ka gyara tsoho ko a ƙera maka sabo?

Ɗan'uwa mazaunin Jidda da ya tara kuɗi yana son jirgin gudu na shiga Bahar Maliya, hanya biyu ce a gabansa: ya nemi tsoho a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, ya kai warsha a farfaɗo da shi, ko ya sa a ƙera masa sabo yadda ransa ke so. Ni dai ra'ayina, ga mai sayen farko, gyaran tsoho ya fi, amma da sharaɗi guda: gangar jirgin ta kasance lafiyayya daga ciki.

Nan ne mutane ke ƙonewa. Jirgin faiba ba ya tsatsa, sai mai saye ya ɗauka ba ya lalacewa. Alhali yawancin tsofaffin jirage katako ne aka naɗe da faiba a bangon baya inda ake ɗaura inji, haka ma dogayen sandunan da ke kwance ƙarƙashin daɓe suna riƙe da ganga. Ruwa na shiga ta ramin noti, ya kwanta shekara da shekaru, katakon ya ruɓe, waje kuwa fenti na ta ƙyalli. Saboda haka ka je da ƙaramar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya amo yake bayarwa tsaf, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji shi dum. Ka sa a ɗaga injin ka danna ƙafarsa da ƙarfi. In bangon ya motsa ko ka ga tsaga a kusurwoyinsa, aikin ya wuce shafe-shafe, sai an yanke an sake zubi. Ka taka daɓen lungu-lungu, ka leƙa tankin mai, ka duba ƙasan jirgin ko akwai ƙuraje, alamar ruwa ya ratsa faibar. Bangon baya kaɗai ana iya gyarawa a ci riba. In sanduna da tanki duk sun tafi, ka haƙura da shi komai arharsa.

Sai inji, wanda sau da yawa ya fi gangar tsada. Bakanike ya auna matsin kowace silinda, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, ya kuma zubo man giya a gani. In ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. Inji mai bugu biyu (two-stroke) ya fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, mai bugu huɗu (four-stroke) ya fi tattalin mai da rashin hayaƙi. Ka zaɓi wanda kayan gyaransa ke hannu a Jidda, irin Yamaha, Mercury ko Suzuki. Kuma ka yi lissafin mai tun yanzu: inji mai ƙarfin doki 300 in an sake masa wuta duka yana shan kusan lita 100 a awa.

Ƙira ta musamman tana da nata daɗin, ba zan musa ba. Kai za ka zaɓi a yi maka ba katako ko kaɗan, a zuba resin, wato ƙaron da ake haɗa faiba da shi, irin na vinylester da ya fi hana ruwa ratsawa, a sa ƙarfen sitenles mai lamba 316, da ya fi jure tsatsa, maimakon mai lamba 304, abin da ke da muhimmanci a tekun da gishirinsa ya kai kusan giram 40 a lita, sama da 35 na yawancin tekuna. Kai za ka zaɓi siffar ƙasa: mai zurfin V, wadda ta yi suna tun da jirgin Moppie, ƙirar Ray Hunt, ya ci tseren Miami zuwa Nassau a 1960, tana yanka igiyar ruwa lafiya amma tana son babban inji. Ƙasa mai matakala ta fi gudu, sai dai tana buƙatar gogaggen matuƙi a kwana. Matsalar ita ce, wanda bai taɓa riƙe jirgi ba bai san me zai nema ba, ga jira na watanni, ga harajin kashi 15 a kan komai. In ka nace, a rubuta kauri da kayan aiki cikin yarjejeniya, a biya kashi-kashi.

Tirelar da ake ɗora jirgin a ja shi da mota kuwa, kada ka karɓi duk wadda aka haɗo maka. Ƙarfe mai fenti zalla ba ya jure ruwan gishirin Obhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda. Wanda aka tsoma a zinki ya fi mai fenti ƙarko, ya kuma fi alminiyam araha, alminiyam ya fi sauƙin ja amma ya fi tsada. Ga jirgi mai nauyi na fi son tirela mai dogayen katakan kwanciya a kan mai rola, domin tana raba nauyi a tsawon ganga. Ka haɗa nauyin jirgi da inji da mai da kaya kafin ka duba iyakar da aka rubuta mata, kuma abin da ke kan ƙugiyar mota ya kama kashi 5 zuwa 10 na jimlar. Boris ɗin taya mai zafi daga kwalta in ya faɗa ruwa yana zuƙo shi ciki, don haka ka dakata ya huce, ka riƙa cika gris, ka wanke birki da ruwan daɗi duk fita.

Kafin kuɗi su bar hannunka, ka tabbatar takardun rajistar jirgin sun dace da lambar ganga da ta inji, kuma ka tambayi hukuma ko irin iƙamarka ta ba ka damar mallaka, domin ba a fita teku sai da izinin Haras al-Hudud, wato jami'an tsaron kan iyaka na Saudiyya.