Ruwa ko yashi: wanne ya fi sa reshe ya fitar da saiwa a cikin ɗaki?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin ware lungu a ɗakinki kin rataya fitilar LED, kina yanko rassan na'ana'a, tumatir da rumman kina tsomawa a kofin ruwa. Na'ana'a ta yi saiwa, tumatir wasu sun yi wasu sun ruɓe, rumman kuwa ko gizau. Kina so ki san ko ki ci gaba da ruwa ko ki koma yashi.

A ganina ki bar wa ruwa na'ana'a da ɗoɗɗoya da igiyar dankalin Hausa, sauran duka ki mayar da su yashi. Ga dalili.

Reshen da aka raba da uwarsa abu biyu yake nema a lokaci guda. Ganyensa na ci gaba da fitar da ruwa alhali ba shi da saiwar da za ta mayar masa, don haka yana bukatar danshi. Gindin da aka yanka kuma numfashi yake yi, sai ya samu iska kafin ya iya ƙirƙiro saiwa. Ruwa yana biyan bukata ta farko ya gaza a ta biyu, yashi kuma akasin haka.

Kofin ruwa ba ya barin reshe ya yi yaushi, ba ya cin kuɗi, kuma kina ganin abin da ke faruwa da idonki. Matsalarsa ƙarancin iska. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa ta sauko wajen 7.5, ga shi ruwan kofi a tsaye yake, ba ya motsi. Ɗakunanmu a bazara sun wuce wannan zafin, kuma ruwa mai ɗumi shi ƙwayoyin ruɓa suka fi so. Na fi zaton abin da ya ci tumatirinki ke nan: gindi ya yi baƙi, ya yi yauƙi, ruwan ya soma wari. In dole sai ruwa, kada ya wuce santimita 3 zuwa 4 na gindin, kada ganye ko ɗaya ya taɓa shi, ki canza shi duk bayan kwana biyu, ki ɗebo daga randa don sanyinsa. Kofin da haske ba ya ratsa shi ya fi, don gansakuka ba za ta fito ba.

Akwai kuma abin da mutane ba sa ganewa sai ranar dashe. Saiwar da ta fito a ruwa fara ce mai gautsi, ba ta saba da ƙasa ba. In aka bari ta yi tsawo ta nannaɗe a kofi, sai ta karye wajen binnewa, shukar ta tsaya kwanaki tana farfaɗowa. Da ta kai santimita 3 zuwa 5 ki dasa, kada kyanta ya rinjaye ki.

Yashi kuwa, wanda nake nufi shi ne mai tsakuwa-tsakuwa na rafi, wanda aka wanke, ba rairayi mai laushi da ke toshewa ba. Ki haɗa shi rabi da rabi da garin ɓawon kwakwa da masu sayar da furanni ke sayarwa, bayan kin ɗauraye shi saboda gishiri, ko da ƙonannen buntun shinkafa. Ban da taki, ban da ƙasar lambu. Reshen da ba shi da saiwa ba ya cin taki, takin sai dai ya ciyar da ruɓa. Ki jiƙa haɗin ki damƙa a hannu: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi, in ya tsiyaya, ruwan ya yi yawa. Gwangwanin da za ki zuba haɗin a ciki ya kasance da huji a ƙasa. A nan gindi na samun iska tsakanin ƙwayoyin yashi, saiwar da ta fito mai rassa ce, kuma tuni ta san ƙasa.

Raunin yashi a sama yake, wajen ganye. Dole ki rufe da farar leda ko gorar ruwa da aka yanke gindinta, har raɓa ta riƙa taruwa a ciki. Da hunturu, lokacin da danshin iska a Kano ko Damagaram ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, reshen da ba a rufe ba yini ɗaya ya ishe shi bushewa. Ki buɗe murfin na mintuna kaɗan kullum don iska ta sabunta. Sai kuma haƙuri, tunda ba kya ganin saiwa. Kada ki riƙa tumɓukewa kina dubawa. Sabon toho a kai, ko farar saiwa a hujin gwangwani, su ne shaida.

Garin maganin da ake shafa wa gindin reshe don ya yi saiwa, mai sinadarin da ake kira IBA, shi ma a yashi yake amfani, don a ruwa wankewa yake. Tumatir ba ya bukatarsa, cikin kwana 7 zuwa 10 yake saiwa da kansa. Rumman, inabi da ɓaure su ke amfana da shi. Na rumman ki zaɓi reshen da ya ƙosa, mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, ki binne kashi biyu cikin uku, ki ba shi wata ɗaya zuwa biyu. Zuma da kirfa da ake yawan ambata suna ɗan rage ƙwayoyin cuta ne kawai, ba sa fitar da saiwa.

Akwai injin da ke fesa ruwa a gindin rassa suna rataye a iska. Yana da sauri, amma famfonsa na tsayawa da an ɗauke wuta, gindin ya bushe cikin sa'o'i kaɗan. In ba ki da sola da batir, ki ƙyale shi.

Wasu abubuwan kuma ba ruwansu da wace hanya kika bi. Ki yanka da sassafe, da sabuwar reza ko wadda aka goge da sifirit, daidai ƙarƙashin gaɓa, don daga nan saiwa ta fi fitowa. Rassa masu laushi santimita 10 zuwa 15 sun isa. Ki cire ganyen ƙasa da duk fure, ki bar ganye biyu ko uku, manyan ki rage su rabi. Fitilar ki ɗaga ta sama, haske mai laushi na sa'a 16 a kowace rana ya wadatar, mai ƙarfi ƙara wa reshe ƙishi yake. Gindin ya fi son digiri 22 zuwa 26, don haka a bazara ki sauke tukwanen ƙasa a wuri mafi sanyi na ɗakin. Ki kuma duba uwar da kyau: tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya yana iya ɗauke da cutar da fararen ƙudaje ke yaɗawa, kuma duk reshen da aka yanka a jikinsa da cutar zai tashi.

Idan saiwa ta kama, kada ki yaye murfin rana ɗaya. Ki riƙa ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan na kwana huɗu ko biyar, sannan ki matso da fitila, ki fara ba su taki mai ruwa-ruwa.